Tambayi Likita: Tsiro Mai Ruwan Ɗorawa A Bayan Kunnen Jariri

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana watansa bakwai. Tun yana wata uku wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake ya fito masa a bayan kunne. Da fari ja-ja ne, yanzu ya koma ruwan ɗorawa. Ba ya ciwo, ba ya ruwa. Kakarsa ta ce a kai wa wanzami ya cire. Mece ce shawararku?
Wata uwa daga Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya raya shi. Da farko dai ki lallashi Hajiya, kada aska ta taɓa wurin.

Yadda kika kwatanta shi ya fi kama da tsiron da likitoci ke kira zantogiranuloma na yara. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa a fata suna tara kitse, shi ya sa launin ke juyewa daga ja zuwa ruwan ɗorawa. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗauka, kuma ba ruwansa da nononki ko yawan kitse a jini. Ya fi fitowa a kai, wuya da ƙirji cikin shekarar farko, faɗinsa rabin santimita zuwa 2. Yawanci da kansa yake lotsawa cikin shekara 3 zuwa 6, ya bar ɗan tabo.

Amma kwatance ba gani ba ne. Ki kai shi wurin likitan fata, misali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zai duba shi da wani madubi mai fitila. Idan wannan tsiron ne, akan ga tsakiyarsa ruwan ɗorawa, gefensa ja, tamkar rana za ta faɗi. A baƙar fata launin kan ɓuya ya koma ruwan ƙasa, nan ne ake yawan ruɗewa. Zai kuma ɗan murza shi: idan ya kumbura ya yi ja nan take, wani tsiron ne daban. In shakka ta rage, sai a yi allurar kashe zafi, a ɗebi nama kamar milimita 3 zuwa 4 a kai ɗakin gwaji. Wanzami in ya yanke ya yar, wannan shaidar ta tafi, ga haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, ga kunne wuri ne da tabo ke saurin yin tudu.

Abin da ya fi damun mu shi ne ido. Jefi-jefi irin wannan tsiro kan fito a cikin ƙwayar ido, musamman ga yaron da bai kai shekara 2 ba kuma yake da tsiro fiye da ɗaya. Yana iya zubar da jini a cikin idon ko ya kawo hawan jinin ido. Don haka ki tuɓe shi ki duba ko'ina, har cikin gashi. Idan kin ga na biyu, ko ido ɗaya ya yi ja, yana hawaye, yana gudun haske, ki kai shi wurin likitan ido a ranar.

Ki kuma ƙirga shimfiɗaɗɗun tabo masu launin shayi da madara a jikinsa. In sun kai 6 ki faɗa wa likita, domin zai so a yi gwajin jini a riƙa bibiyarsa.

Kada ki ɗaure tsiron da zare ko ki shafa masa man bilicin. Duk wata ki ɗauki hotonsa da rula a gefe. Idan ya fashe, ya yi jini, ko yana girma da sauri, kada ki jira ranar da aka ba ki.