Yaya aka yi mata biyu suka ci zinare ɗaya a ninƙaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. 'Yata ta nuna mini bidiyo a Facebook inda 'yan ninƙaya biyu suka hau dandamali tare, kowacce da lambar zinare. Na'urar auna lokaci ce ta rikice? Kuma ko agogon wayata zai iya irin wannan awo? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, na'urar lafiyarta ƙalau. Da alama tseren mita 100 na mata kika gani, wanda kowa ke iyo da salon da ya ga dama, a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Simone Manuel ta Amurka da Penny Oleksiak ta Kanada, wadda shekarunta 16 a lokacin, duk sun gama a sakan 52.70. Ba a ba kowa azurfa ba. Sarah Sjöström ta Suwidin ta karɓi tagulla. Ranar ce Manuel ta zama baƙar fata 'yar Amurka ta farko da ta ci zinaren Olamfik a tseren ninƙaya na ɗaiɗaiku, ba na ƙungiya ba.

Ƙarar tashi ce ke kunna agogon. A ƙarshen kowane layi akwai allo a jikin bango, cikin ruwa, kuma mai iyon ce da kanta ke tsayar da agogonta in ta danna shi. Igiyar ruwa ba ta isa ta motsa shi ba, sai hannu ya tura da ɗan ƙarfi.

Na'urar tana iya raba sakan gida dubu, amma doka ta tsaya a gida ɗari. A gasar Olamfik ta Munik a 1972 an taɓa raba maza biyu da kashi 2 cikin dubu na sakan, daga baya aka daina. Ni ina ganin an yi adalci, domin a wannan ɗan lokacin tafiyar 'yan milimita kawai ake yi, kuma magini ba zai iya daidaita tsawon layuka har haka ba.

Agogon wayarki kuwa daidai yake, yatsa ne ke makara. Don atisaye ya wadatar. In ana son tantance wanda ya riga, a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya daga gefen bango. Sai dai a riƙe wayar nesa da ruwan ko da an rubuta mata IP68, wato alamar juriyar ruwa da ƙura, domin da ruwa zalla ake gwajin, kuma sinadarin kulorin na wurin ninƙaya yana cin robar da ke toshe kafofinta.