Tambaya da Amsa: Wane Girman Fiffiken Gaba Ya Dace da Mai Koyo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata biyu ke nan da na fara koyon hawa allo a kan ruwa da fiffiken hannu (wanda ake riƙewa iska ta ja mutum) da foyil (sanda mai fukafukai a ƙasan allo da ke ɗaga shi sama da ruwa). Nauyina kilo 85, kuma iskar da nake samu ba ta cika wuce kilomita 22 zuwa 30 a awa ba. Wani abokina da ya ƙware zai sayar mini da fiffiken gabansa mai murabba'in santimita 1250, ya ce in na sayi babba zan gaji da shi cikin wata uku. Mai koyar da ni kuma ya ce in nemi 1900. Maganar wa zan bi?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bi maganar mai koyar da kai. Abokinka bai yi ƙarya ba, wata rana za ka gaji da babban, amma ya manta yadda farkon nasa ya kasance.

Fiffiken gaba shi ne ke ƙarƙashin ruwa yana ɗauke da kai da allonka gaba ɗaya. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa abin da tsawonsa kusan mita ɗaya ne kawai yake iya ɗaga ƙaton mutum. Ƙarfin ɗagawar yana bin girman fiffiken, yana kuma bin gudu: in gudu ya ninka biyu, ɗagawa ta ninka huɗu. Ka lissafa da naka. In fiffiken biyu ƙirarsu ɗaya, wanda ya sauka daga 1900 zuwa 1250 sai ya ƙara gudu da kusan kashi 23 cikin ɗari kafin allo ya rabu da ruwa. A takarda ba shi da yawa. A kan ruwa kuwa, wannan ƙarin sai mutum ya iya girgiza fiffiken hannu yana taka allo a lokaci guda yake samo shi, kuma abin da ba ka iya ba ke nan tukuna.

Ni na yi wannan kuskuren. Na fara da ƙaramin fiffiken gaba da wani ya riga ya yi amfani da shi saboda na same shi da sauƙi, na shafe makonni ina jan allo a kan ruwa, kafaɗu na ciwo, iska tana kai ni can nesa in dawo a ƙafa ɗauke da kaya. Ran da aka ara mini babba, a gwaji na uku na tashi. Ban ƙara iya komai ba a ranar, kayan ne suka sauya.

Ga mai kilo 80 zuwa 90 da iska irin taka, 1800 zuwa 2000 shi ne wurin farawa. Wanda ya haura kilo 100 ya duba sama da 2000.

Amma kada lambar kaɗai ta ruɗe ka, domin ƙira ma tana da nata. Akwai gajere mai faɗi da kauri, akwai dogo siriri kamar na shaho. Ana gane su da lissafi: a ninka tsawon fiffiken daga baki zuwa baki da kansa, a raba da girmansa. Mai tsawon santimita 95 da girman 1900 zai ba da 4.75. Mai tsawon 100 da girman 1000 zai ba da 10. Na farkon yana tashi da wuri, yana haƙuri da kai in gudunka ya ragu ko ƙafarka ta kauce. Na biyun ya fi gudu da dogon shawagi, sai dai da zarar gudu ya yi ƙasa yana iya sakinka lokaci guda. Ka nemi wanda lissafinsa ke tsakanin 4 da 6. Kuma 1900 na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da 1900 na wani ba, don ba duka suke aunawa iri ɗaya ba.

Kafin ka biya, ka tabbata fiffiken na iya cirewa a sa ƙarami a kan jikin foyil ɗin, domin kayan kamfanoni daban-daban ba su cika shiga juna ba. Ran da ka iya juyawa ba tare da allo ya taɓa ruwa ba, ka koma wajen abokinka ka tambaye shi ko 1250 ɗin tana nan. Allon kuma ya zama girmansa a lita ya ɗara nauyinka a kilo da 30 zuwa 40, sandar foyil santimita 65 zuwa 75 ta wadatar.

Tambaya: Malam, ni nauyina kilo 58, ina koyo da kayan maigidana, fiffikensa 2200. Da na tashi sai allo ya yi ta yin sama har in ji ƙara, in faɗo da ka. Laifina ne?

Amsa: 'Yar'uwa, rabi naki, rabi na kayan. Ƙarar da kike ji fiffiken ne ya leƙo saman ruwa ya sha iska, nan take ɗagawar ta ɓace. An yi shi ne don mai nauyi sosai, ke kuma ba ki da nauyin danne shi. Ki gwada 1400 zuwa 1600. Kafin ki samu, ki matsar da sandar foyil baya kaɗan a ƙasan allo, ki ɗora nauyi a ƙafar gaba da zarar kin ji ya fara ɗagawa, kuma ran da iska ta yi ƙarfi ki bar wa maigida kayansa.