Zafin Accra da Lafiyarku: Likita na Amsa Tambayoyi

Likita, mahaifina shekararsa 74, yana shan maganin hawan jini. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci sai ya fara sambatu, ko jikarsa bai gane ba, jiki zafi rau. Muka ba shi farasitamol, muka yi masa tofi, bai dawo hayyacinsa ba sai magariba. Zazzaɓi ne ko iska? — Wani ɗan kasuwa, Nima

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan'uwa, ko ya warware, ku kai shi asibiti a duba shi, don shanyewar ɓarin jiki, faɗuwar suga da zazzaɓin sauro duk suna iya zuwa da wannan kama. Amma yadda abin ya same shi da tsakar rana, cikin cunkoso, na fi zargin bugun zafi.

Jiki da zufa yake sanyaya kansa, kuma zufar ba ta amfani sai ta bushe. Iskar Accra jiƙe take da danshin teku, shi ya sa mutum zai yi sharkaf amma zafin na nan a ciki. Tsoho kuma ƙishirwa ba ta kama shi da wuri. In maganinsa irin mai sa yawan fitsari ne, ruwan jikinsa ya riga ya ragu tun kafin ya bar gida. Kada ku dakatar da maganin da kanku, ku tafi da kwalinsa likita ya gani.

Idan zafin jiki ya haura digiri 40 har hankali ya fara gushewa, farasitamol ba ya komai. A kai shi inuwa, a cire masa babbar riga da hula, a kwarara masa ruwa, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hamata da matsematsi, ana fifita, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Ban hana tofi ba, amma a yi shi ana zuba ruwa.

Jaririyata wata uku. Kakarta ta ce in riƙa ba ta ruwa saboda zafi. — Wata mai jego, Mamobi

A'a, 'yar'uwa. Kafin wata shida nono ya ishe ta, mafi yawansa ruwa ne. Ki yawaita shayarwa, ke ki sha ruwan, a rage mata kaya. In fitsarinta ya ragu ko maɗigarta ta loma, ku tafi asibiti. A gaishe da Hajiya.

Ina dakon kaya a kasuwar Makola. Ina shan ruwan leda sosai, amma da yamma ƙafafuna na ɗaurewa, kaina na sarawa. — Wata mai dako

Sannu da aiki. Gishirin jikinki ne ke bin zufa. Ki juye ruwan leda biyu a gora, lita ɗaya ke nan, ki zuba suga ƙaramin cokali shida shafaffu da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa kurɓa. Ki lura da fitsarinki: in ya yi ja kamar shayi, ƙoda ce ke wahala. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac a kan jikin da ruwa ya ƙare yana ƙara mata rauni, ki rage shi.

Da gaske zafin ƙaruwa yake? Kuma me NADMO, hukumar agajin gaggawa ta Ghana, ke yi? — Wani malamin makaranta, Madina

Da gaske ne, Malam. Matsakaicin zafin Ghana ya ƙaru da kusan digiri 1 tun daga 1960. Zafin da ya rufe gabar tekun Afirka ta Yamma a Fabrairun 2024, masu binciken World Weather Attribution sun gano sauyin yanayi ya ninka yiwuwarsa sau 10. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu.

An kafa NADMO a 1996, kuma mun fi ganinta wajen ambaliya da gobara, irin ta shataletalen Kwame Nkrumah Circle a Accra ranar 3 ga Yuni 2015 da ta ci rai sama da 150. Wannan kowa ya gani da idonsa. Wanda zafi ya kashe kuwa a ɗakinsa yake mutuwa, sai a ce hawan jini ne ko tsufa, ba a ƙirga shi.

A ganina, gargaɗin da hukumar yanayi ta GMet ke fitarwa ya kamata ya riƙa zuwa da Hausa a rediyo, limamai su maimaita bayan salla. Ɗakin zango mai rufin kwano da taga ɗaya yana riƙe zafi har tsakar dare, in aka ɗauke wuta fanka ma ta tsaya. A fenta rufin da fari, a buɗe masallatai da rana ga tsofaffi, a san gidajen da dattijo ke kwana shi kaɗai a riƙa leƙa shi daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ku kuma a makaranta, ku mayar da wasan motsa jiki zuwa safiya, kowane aji a ajiye masa ruwan sha.