Ƙanena, wannan karatun ba na zama koci ba ne

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ka yi haƙuri da jinkirin amsa, kakar wasanni muke ciki, sai goma na dare nake shiga gida. Ka ce ka gama digiri a fannin ilimin motsa jiki a Kano, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son zuwa Amurka ka karanta Athletic Training don ka riƙa horar da 'yan ƙwallo, in Allah ya yarda har ka kai Firimiya.

Sunan ne ya ruɗe ka, ni ma haka ya yi mini. Babu ruwanmu da usur ko tsara 'yan wasa. Mu ma'aikatan lafiya ne da ke bakin fili: targaɗe, karaya, gocewar ƙashi, buguwar kai, suma. Tun 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa wannan sana'a cikin ayyukan lafiya. In ka ga bidiyon Damar Hamlin, ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Buffalo Bills, da zuciyarsa ta tsaya a fili ran 2 ga Janairun 2023, wanda ya durƙusa yana danna masa ƙirji, Denny Kellington, ɗan sana'armu ne. Hajiyarmu dai ta gaji da bayanina, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce ɗanta maɗori ne a Amurka. Ban musa mata ba.

A wata sakandare nake aiki a jihar Ohayo. A watan Agusta, da na idar da Asuba sai in kama hanya, in cika baho da ruwa da ƙanƙara, saboda yaro zai iya yanke jiki ya faɗi don zafi yana cikin sulken ƙwallon Amurka, kuma ƙa'ida ita ce a tsoma shi a ruwan sanyi tun kafin motar asibiti ta iso. Daga nan sai naɗe idon sawu, yara kusan talatin a layi, har yatsuna su yi kanta. Mai wuyar ita ce daren Juma'a, ranar wasa. Bara wani yaro ya yi karo, ya miƙe yana tangaɗi, na tambaye shi wa ke cin wasan ya tsaya yana kallona. Koci na cewa lafiyarsa ƙalau, ubansa na daka mini tsawa daga cikin 'yan kallo. Na ɗauke hular kwanonsa na rungume, don ba ya komawa fili babu ita. Duk jihohi 50 suna da doka kan buguwar kai a wasannin yara, amma mai aiwatar da ita a wannan minti kai ne, da lafazinka na baƙo. In kana da jin nauyin manya irin namu na gida, sai ka koyi ajiye shi a mota.

Batun karatu kuwa, daga 2022 an daina ɗaukar ɗalibai a matakin digirin farko, sai digiri na biyu, galibi shekara 2. Dole shirin ya zama yana da amincewar hukumar CAATE mai tantance kwasa-kwasan wannan sana'a, in babu ita ba za a bar ka ka zauna jarrabawar BOC ba, wato ta samun takardar shaidar sana'ar, kuma a kusan duk jihohi babu BOC babu lasisi. Nan ka fara dubawa kafin ka biya ko sisi. Za su nemi shaidar ka yi bayoloji, kemistiri, fizik, ilimin halayyar ɗan Adam, da darussan ƙirar jiki da aikin gaɓoɓi. Masu digiri irin naka, a wajen kemistiri da fizik suke yawan maƙalewa. Makarantu da yawa kuma suna son ka kawo sa'o'in da ka yi kana kallon aiki a hannun mai lasisi, wanda samunsa a Kano sai an tona, don haka ka rubuta musu tun wuri ka ji ko za su karɓi na likitan fisiyo.

Kada ka yi lissafin za ka yi aiki ka biya kuɗin makaranta. Bizar ɗalibi sa'a 20 a mako ta yarda maka, a cikin makaranta, kuma zaman koyon aiki a bakin fili da ba a biyanka zai cinye yammacinka da Asabar ɗinka. Bayan ka gama kana da wata 12 na izinin aiki, daga nan sai ka samu wurin aikin da zai tsaya maka kan bizar aiki. Jami'o'i sun fi sauƙi, don ba sa shiga cacar bizar aiki ta H-1B. Matsakaicin albashi wajen dala dubu 60 ne a shekara. Na san ka riga ka buga shi da naira, to ka cire haraji da haya da inshora da mota tukuna. Ita kanta bizar, a Yulin 2025 aka mayar da ta yawancin 'yan Najeriya wata 3 shiga ɗaya, saboda haka ka bi sanarwar ofishin jakadanci da kanka, ban da 'yan "kawo kuɗi in yi maka hanya".

Abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne Firimiya. Wannan takardar shaida ta BOC ta Amurka ce. Akwai yarjejeniyar da ke ba mu damar zama jarrabawar takwarorinmu a Kanada da Ailan da Birtaniya, amma a ƙwallon Turai wanda kake gani ya ruga fili da jaka galibi likitan fisiyo ne. A gida ma haka, hukumar rajista ta MRTB masu fisiyo take yi wa rajista, kuma ko Pillars ce ta neme ka, wannan rajistar za ta fi yi maka amfani. In burinka ƙwallon ƙafa ne ko komawa gida, ga fisiyo nan a Bayero, a bakin ƙofarku. In kuwa koci kake so, kwas ɗin lasisin CAF za ka nema, ba ka buƙatar dalar kowa.

In duk da haka nan ɗin kake so, turo mini takardar sakamakonka ta jami'a in ga darussan da ka rasa. Ka gaida su Baba.