Sikeli Ko Mitar Kwarara: Yadda Ake Sanin Abin da Ya Rage a Tulun Ƙarfe

Ɗana, ka ce mai gidan abincin da ya ba ka aiki ya ga irin allon da masu dafa giya a gida suke haɗa wa kansu a Amurka, wanda yake nuna sunan abin shan da ke kowane famfo da adadin da ya rage a tulu, yana so ka haɗa masa irinsa domin zoɓo da lemon citta. Tambayarka ita ce ko mitar kwarara za ka sa a tiyo, ko kuwa sikeli a ƙarƙashin tulu. Ni dai sikeli nake ba ka shawara, amma ya kamata ka san dalili, domin wata rana za a kawo maka aikin da mitar ce ta fi dacewa da shi.

Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a 1978, masu wannan sha'awa suka yawaita a can. Da kamfanonin lemon kwalba suka daina amfani da tulunan ƙarfe samfurin Cornelius suka koma leda a cikin kwali, sai waɗannan mutane suka riƙa sayen tsofaffin tulunan da araha. Kowanne yana cin galan 5 na Amurka, kimanin lita 19 ke nan, ana ajiye shi a firji, iskar kabon tana tura abin shan ta tiyo zuwa famfo. Matsalarsu ita ce irin ta maigidan naka: ƙarfe ne a rufe ruf, ba a ganin ciki, sai dai a ɗaga a ji nauyi. Daga nan aka samu manhajoji na kyauta irin su Kegbot da RaspberryPints, kuma dukansu da mitar kwarara suka yi suna, shi ya sa ita ka fi gani a hotuna.

Mitar ɗan bututu ce mai farfela a ciki, galibi da maganaɗisu a jikin farfelar. Idan ruwa ya wuce farfela ta juya, sensa tana aika bugu zuwa ƙaramar kwamfuta, ita kuma ta ƙirga bugun ta cire daga lita 19 ɗin da aka gaya mata tun farko. Ka lura da wannan sosai: mitar ba ta san abin da ke cikin tulu ba, abin da ya fita kawai take lissafawa. Kamar mai shago ne da ya dogara da littafin ciniki, alhali mai sikeli shi ne wanda yake shiga sito ya ƙirga buhuna da idonsa. Duk kuskuren da aka yi a kofi na farko yana nan har kofi na ƙarshe, wani yana hawa kan wani.

Kuskuren kuwa ba ya rasa ƙofa. Mitar da ta fi araha, YF-S201, domin bututun ruwa aka yi ta, tana ba da bugu kusan 450 a kowace lita, kuma an tsara ta ne ga gudun lita 1 zuwa 30 a minti ɗaya, don haka farkon zubawa da ƙarshensa, lokacin da ruwa yake tafiya a hankali, ba ta ƙirga su daidai. Masu giya sun fi son SF800 ta kamfanin Swissflow, wadda take ba da bugu sama da 5,000 a lita, amma kuɗinta ya ninka na waccan sau da yawa. Ko da mai tsadar ka saya, idan kumfa ko iska ta bi tiyo farfela za ta juya a lissafa abin da ba a zuba ba, idan kuma tulu ya ƙare iskar kabon za ta kaɗa ta da ƙarfi. Ga naka aikin akwai ƙari guda biyu. Zoɓo da citta suna da sukari da ɗan tuƙa komai kyawun tacewa, kuma su ne za su danƙare a farfela, sannan duk abin da abin sha ya bi ta cikinsa dole ne a riƙa wanke shi. Na biyu shi ne ɗauke wuta: idan aka zuba kofi goma na'ura tana kashe, lissafi ya ɓace ke nan, sai an cika sabon tulu. Sikeli kuwa da wuta ta dawo zai sake aunawa ya faɗi gaskiya, kuma babu abin da ya haɗa shi da abin shan.

Kayan da za ka nema ba su da yawa. Kowane tulu yana buƙatar sensar nauyi guda huɗu masu ɗaukar kilo 50, irin na sikelin auna mutum, a haɗa wayoyinsu su zama da'irar lantarki ɗaya da ake kira gada, da ƙaramin allon HX711, wanda yake karɓar siginar da ba ta wuce 'yan milibolt ba ya mai da ita lamba. ESP32, wato ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi, guda ɗaya ya isa tuluna biyu ko uku. Ka ba HX711 wutar bolt 3.3 daga ESP32 ɗin, domin ƙafafun ESP32 ba a yi su don bolt 5 ba. Sensa kowace sai ta zauna a kan mazaunin da ya bar tsakiyarta a sake ta iya lanƙwasawa. Idan ka manna ta a kan katako shafe ɗaya, ba za ta auna komai ba. HX711 ya kasance kusa da sensoshin, da gajerun wayoyi da aka haɗa da dalma, a cikin akwatin roba da aka toshe saboda raɓar firji. Shi kuwa ESP32 a waje za ka ajiye shi, tunda jikin firji ƙarfe ne kuma yana tare siginar Wi-Fi.

Lissafin yana da sauƙi amma kada ka yi shi da ka. Ka auna kowane tulu babu komai a ciki ka rubuta a jikinsa, domin nauyinsu yakan ɗan bambanta, kilo 4 da 'yan kai. Sannan lita ɗaya ta abin sha ba kilo ɗaya ba ce: giyar da ta gama nuna takan kai kusan kilo 1.01, abin sha mai sukari kashi 10 cikin ɗari kuwa kusan kilo 1.04. Idan sikeli ya nuna kilo 14.6, tulu kuma 4.2 ne, saura 10.4, ka raba da 1.04, lita 10 ke nan, wato kofi 20 na rabin lita. Wajen saiti ka yi amfani da ruwan da ka auna da kanka, lita 10 kilo 10, ka gwada da rabinsa kuma ka ga ko lambar ta bi.

Inda 'yan koyo suka fi faɗawa rami shi ne nan. Yawancin misalan manhaja da ake kwafowa suna mai da sikeli sifili a duk lokacin da na'ura ta tashi, abin da ya dace da sikelin kicin wanda ake kunna shi babu kaya a kai. Naka sikelin tulu yana kansa dare da rana, saboda haka idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, zai ɗauki cikakken tulu a matsayin sifili, allo ya ce zoɓo ya ƙare. Ka cire layin da ke yin haka daga manhajar, ka yi sifilin sau ɗaya babu kaya, ka adana lambar tare da lambar saiti a ma'adanar ESP32 wadda ba ta gogewa.

Ba zan ɓoye maka aibin sikeli ba. Sensar nauyi idan kaya ya daɗe a kanta lambarta takan ja a hankali, kuma sanyi da ɗumi suna motsa ta duk lokacin da injin firji ya tashi ko ya tsaya. Maganinsa a manhaja yake: ka ɗauki karatu da yawa ka zaɓi na tsakiya, kada ka sauya abin da ke allo sai nauyi ya ragu da abin da ya kai kwatan kofi, kuma ka nuna lita da rabin lita kawai, domin mai sayarwa ba ya buƙatar giram. Ka tabbatar tulu bai jingina da bangon firji ko da ɗan'uwansa ba, tiyo kuma yana da sassauci ba ya jan sa. Idan ka ƙara sensar zafi DS18B20, da rizista 4.7k tsakanin wayar sigina da wuta, maigida zai riƙa ganin ko firjin yana riƙe digiri 3 zuwa 4. Da a ce yana so ya san kofi nawa kowane ma'aikaci ya zuba da kuma ƙarfe nawa, to nan mitar kwarara ta fi sikeli, amma ba wannan ya nema ba.

Allon shi ne mafi sauƙi, ko da yake shi mutane za su yaba. Masu giya sukan sa ƙaramin allon kwamfuta mai suna Raspberry Pi a bayan talabijin, su nuna suna, da ƙarfin barasa, da ɗaci, da launi. Kai ba ka buƙatarsa, ga shi katin memorinsa yakan lalace idan ana yawan yanke masa wuta ba a kashe shi yadda ya kamata ba. ESP32 da kansa zai iya ɗaukar shafi ɗaya wanda tsohuwar wayar Android ko tabulet za ta buɗe, ko babu data. Ka sa suna, da farashi, da litar da ta rage, da ranar da aka cika tulu, domin zoɓo mai sukari yana tsami idan ya daɗe. Ka kuma gaya wa maigidan tun kafin ka karɓi kuɗin kaya cewa iskar kabon tana narkewa cikin abin sha, bayan 'yan kwanaki zoɓonsa zai fara gas kamar lemon kwalba. Idan ba ya son haka, iskar naitirojin zai nema, ita kuma da nata silinda da nata regileta. Ka fara da tulu ɗaya cike da ruwa, ka bar shi a firji kwana biyu kana rubuta abin da sikeli yake nunawa safe da yamma, sannan ka kawo mini takardar mu duba tare kafin ka yanka katakon sauran.