Amsa kan ƙumar da ta ƙi barin ɗaki

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce tun da kyanwarku ta haihu a ƙarƙashin gado ƙuma ta cika ɗakin, tana cizon yara a idon sawu, kuma ko kin yi feshi bayan 'yan kwanaki sai ta dawo. Allah ya kawo sauƙi. Mun daɗe muna kiwon kaji da kyanwa a gidanmu, mun kuma sha fama da ita, shi ya sa nake gaya miki cewa feshi kaɗai ba ya raba gida da ƙuma.

Wadda kike gani tana tsalle kaɗan ce daga cikin abin da ke ɗakin. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana a jikin dabba, ƙwan ya zubo cikin tabarma da kafet da tsagar daɓe, ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, sannan tsutsar ta nannaɗe kanta cikin wani ɗan kwanso da magani ba ya ratsawa. A ciki takan yi makonni, wani lokaci har watanni, sai ta ji motsi ko ɗumin jiki ta fito. Saboda haka dawowarta ba ta nufin maganinki jabu ne. Sababbi ne suke fitowa.

Ki fara da kyanwar. Ki kai ta wurin likitan dabbobi, ki faɗa masa tana shayarwa domin ya zaɓi abin da ba zai cutar da 'ya'yanta ba. Don Allah kada ki shafa mata maganin kare, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin permethrin, wanda yake kashe kyanwa. Su kuwa 'ya'yan kyanwar, ki riƙa taje su da mataji mai ƙananan haƙora, kina tsoma shi cikin ruwan sabulu.

Ɗakin ne babban aiki. Ki wanke zannuwan gado da tsumman da kyanwar take kwanciya a kai da ruwa mai zafi sosai, ki shanya katifa da tabarmi a tsakiyar rana, ki riƙa share kowane lungu kullum kina ƙona sharar. Ki toshe tsagar daɓe da siminti. Ki maimaita feshi bayan mako biyu, ki ci gaba da shara har wata biyu ko uku. Ban yarda a zuba piya-piya a ɗakin da yara suke kwana ba, domin guba ce mai ƙarfi.

Idan akwai ɓeraye, ki fara kashe ƙumar kafin ki sa musu tarko, domin da zarar ɓera ya mutu ƙumar jikinsa kan mutane take komawa, kuma tana iya ɗauke da cuta. Yaron da ya yi zazzaɓi bayan cizon, ko wurin ya yi ruwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.