Tambaya da Amsa: Lissafin shagona yana ƙin buɗewa da zarar na bar shago

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina da shagon magani a Kano, akwai kwamfuta ɗaya da muke shigar da lissafin kaya da ciniki, in ina shago sai in rubuta 192.168.1.20 a burawuzar wayata komai ya fito, amma da na koma gida ko na tafi Legas sarin kaya sai ya ƙi buɗewa ko da ina da data. Yarona yace firoksi zan saka. Wai meye shi, kuma na kyauta da ake samu a intanet zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Toh wayarka lafiyarta ƙalau. Lambar nan ta cikin gida ce, tun 1994 aka ware masu farawa da 192.168 da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31 don amfanin cikin gida kawai, basa tafiya a kan intanet. Kamar kace "ɗaki na biyu ta hagu" ne, ƴan gida sun gane, amma direba a tasha ba zai kai ka ba.

Yaronka yana da gaskiya, saidai firoksi, wato mai shiga tsakanin na'urarka da inda kake son kaiwa a intanet, kala biyu ne. Akwai wanda mutum yake bi ta cikinsa ya fita intanet don ɓoye lambarsa, na kyautan da kake gani kusan duk irinsa ne, kuma ba zai maka komai ba tunda shima a waje yake bai san hanyar shagonka ba, ga shi baka san mai shi ba kuma zai iya ganin abinda kake turawa. Wallahi ka nesance shi.

Wanda kake buƙata shine mai tsayawa a ƙofarka. Ka ɗauke shi kamar zaure, baƙo yayi sallama ya tsaya, yaro ya tambaye shi waye, ya shiga ya ɗauko abinda aka nema ya miƙo masa, baƙon bai taka tsakar gida ba balle yaga inda aka ajiye kuɗi. Manhaja irin Nginx aikinta kenan, a haɗa mata da takardar tsaro ta Let's Encrypt wadda kyauta ce, adireshin ya koma https yadda ba mai karanta lissafinka a hanya, sannan kalmar sirri mai ƙarfi da lambar tabbatarwa ta biyu a waya.

Inda mutane da yawa ke maƙalewa shine rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. In ta layin waya ce, yawanci kamfani ya haɗa ku da kwastomomi da yawa a lamba ɗaya ta waje, kaga ko an buɗe ƙofa a rawutar ba abinda zai shigo. A duba lambar da kamfanin ya ba rawutar, in tana tsakanin 100.64 da 100.127 ko ta fara da 10, toh shikenan haka abin yake. Maganinsa kwamfutar shago ita ta miƙa hannu waje, da abu kamar Cloudflare Tunnel, amma shi sai ka sayi sunan yanar gizo.

Ni dai in kai kaɗai ne da mutum biyu zaku riƙa dubawa, na fi so ka saka Tailscale a kwamfutar da wayoyinku, VPN ne, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro tsakanin na'urorinku, da aka gina kan fasahar WireGuard, sai na'urar da ka amince da ita take shiga. Firoksi ya fi dacewa in ma'aikata ko rassa sun yi yawa.

Dan Allah kar ka yarda wani ya buɗe maka ƙofa ta 3389 a rawutar, wadda ake bi a sarrafa kwamfutar Windows daga nesa, kai tsaye don "ka riƙa ganin kwamfutar daga nesa", ta nan masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa suka saba shiga, kuma bayanan masu sayen magani amana ce. Sannan a jona kwamfutar da rawutar a inbata, don in aka ɗauke wuta kana Legas duk ɗaya ba zai buɗe ba.